Idon Mai Ɗaukar Hoto: Zanen Bango, Kiɗan Unguwa da Gidauniyar Taimako a Birnin New York, 1971 zuwa 1990

GABATARWA

Masu nazarin tarihi sun daɗe suna dogara ga shaidu iri uku, watau rubutattun takardu, da labarin baka, da kuma kufai da kayayyakin da mutanen da suka bari. Daga tsakiyar ƙarni na 19 sai aka sami shaida ta huɗu, ita ce hoto. Hausawa kan ce gani ya kori ji, shi ya sa da zarar an ajiye hoto gaban mutum sai ya ɗauka magana ta ƙare. Alhali kuwa kowane hoto da mai shi. Wani ne ya zaɓi wurin da zai tsaya, ya zaɓi lokacin da zai danna kyamara, ya kuma yanke shawarar abin da zai shiga da abin da za a bari a waje.

Wannan lacca za ta duba wani yanki na tarihin birnin New York na ƙasar Amurka, daga 1971 zuwa 1990. Cikin waɗannan shekaru ne yaran unguwannin talakawa na birnin suka ƙago wani salon zane a jikin jiragen ƙasa da bangaye, da wani salon kiɗa da rawa, waɗanda daga baya suka game duniya. Cikinsu ne kuma aka fara shirya manyan bukukuwan kiɗa don tara kuɗin taimako. Abin da laccar ke son nunawa shi ne, masu ɗaukar hoto ne suka zama gadar da ta haɗa waɗannan abubuwa uku, kuma a aikinsu an sami hanyoyi biyu na kallon matalauci. Ta farko tana nuna shi da sunansa, yana aikin hannunsa. Ta biyu tana nuna shi babu suna, yana jiran a ba shi. Kowace daga cikinsu ta jawo kuɗi, amma abin da suka bari a zukatan masu kallo ya sha bamban.

HALIN DA BIRNIN YAKE CIKI

Kafin a fahimci hotunan, tilas ne a san birnin da aka ɗauke su a ciki. New York gundumomi biyar ne, kuma wadda ta fi shafar wannan bayani ita ce Bronx, ta can arewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masana'antu suka fara ƙaura daga birnin, masu hali kuma, galibinsu fararen fata, suka koma sababbin unguwannin bayan gari. Waɗanda suka maye gurbinsu a tsofaffin gidajen haya su ne baƙaƙen fata da suka taso daga jihohin kudu, da mutanen Puerto Rico da sauran tsibiran Karibiyan. Daga 1948 aka fara yanka wata babbar hanyar mota ta tsakiyar Bronx ƙarƙashin jagorancin Robert Moses, aka rushe gidajen dubban iyalai, aka raba unguwanni gida biyu.

Da darajar gidaje ta faɗi, sai waɗansu masu gidajen haya suka ga sa musu wuta a karɓi kuɗin inshora ya fi gyaransu riba. A daidai lokacin kuma hukumar birnin tana rufe waɗansu tashoshin 'yan kwana-kwana don tsimin kuɗi. Cikin 1975 birnin ya kai bakin tsiyacewa, aka kori dubban ma'aikata, Shugaba Gerald Ford kuwa da farko ya ƙi ba da agaji, sai daga baya ya amince da rance. Tsakanin ƙidayar 1970 da ta 1980 mutanen Bronx sun ragu da wajen 300,000. Ran 13 ga watan Yuli na 1977 wutar lantarki ta ɗauke a birnin har kusan sa'a 25, aka fasa kantuna fiye da 1,600, aka kama mutane fiye da 3,000. A watan Oktoba na wannan shekara Shugaba Jimmy Carter ya ziyarci titin Charlotte, aka ɗauke shi hoto tsaye cikin ɓaraguzai. Wannan hoto shi ya zama fuskar Bronx a idon duniya, kamar kufai ne wanda ba kowa a ciki. Amma da mutane, da yara kuma masu yawa.

SUNA A JIKIN JIRGI, AJO A ZAUREN GIDA

Ran 21 ga watan Yuli na 1971 jaridar New York Times ta buga labarin wani saurayi ɗan asalin Girka, ɗan aike, wanda duk inda ya bi sai ya rubuta laƙabinsa da lambar titinsu, watau TAKI 183. Ba shi ne ya fara ba, amma labarin ya sa ɗaruruwan yara suka shiga gasar. Rubutun ya tashi daga alƙalami zuwa fentin feshi na gwangwani, haruffa suka yi ƙiba, suka sami launi da inuwa, har aka kai ga cika tarago guda daga sama har ƙasa. Yaran kan tsallaka shinge da dare su shiga loko, inda ake kwantar da jirage, su yi aiki cikin duhu kusa da layin lantarkin da ke iya kashe mutum nan take. Dalilin zaɓen jirgi kuwa a fili yake: bango yana nan inda yake, jirgi kuwa zai ɗauki sunan yaro daga Bronx ya ratsa tsakiyar Manhattan ya kai shi Brooklyn. Tun 1972 magajin gari John Lindsay ya ɗaura yaƙi da wannan al'ada.

Kiɗan kuma asalinsa neman gudummawa ne. Ran 11 ga watan Agusta na 1973 wata yarinya, Cindy Campbell, ta shirya wasa a zauren gidan hayarsu mai lamba 1520 a titin Sedgwick don ta sami kuɗin tufafin komawa makaranta. Mata suka biya santi 25, maza santi 50. Watau ajo ne, irin wanda talakawan Harlem suka saba yi tun shekarun 1920 don haɗa kuɗin haya. Wanta Clive Campbell, haifaffen Jamaika, wanda aka sani da Kool Herc, shi ya juya faya-faye. Dabararsa ita ce ya lura da gaɓar da murya kan tsaya a bar ganguna kaɗai, inda masu rawa suka fi zabura, sai ya sa faifai biyu iri ɗaya yana maimaita wannan gaɓa. A kan wannan kiɗa ne masu baki suka riƙa jera magana mai amsa-amo, abin da Hausawa ke kira gambara, masu rawa kuma suka riƙa juyi a ƙasa, har a kan kawunansu. Wasan ya fita zuwa filayen unguwa, ana jan wuta daga fitilun titi a kunna lasifika. Daga baya aka raɗa wa al'adar suna hip-hop.

Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan abubuwa masu saurin gushewa ne. Zanen tarago kan yi 'yan kwanaki, wani lokaci kwana ɗaya, kafin a wanke shi ko wani ya rufe shi da nasa. Wasan fili kuwa da an kwance lasifika ya wuce. In ba a ɗauki hoto ba, babu abin da zai saura sai labari.

MARTHA COOPER

An haifi Martha Cooper a birnin Baltimore cikin 1943, mahaifinta mai kantin sayar da kyamarori ne, saboda haka tun tana ƙarama ta saba da ɗaukar hoto. Ta yi aikin sa-kai na koyarwa a ƙasar Tailan, ta hau babur daga Bankok har Landan, sa'an nan ta karanta ilimin al'adun ɗan Adam a Jami'ar Oxford. Wannan horo ya bayyana a duk aikinta na baya, domin ta ɗauki titi kamar yadda mai nazarin al'adu kan ɗauki ƙauye, watau wuri mai dokoki da ladubba waɗanda sai an tambaya ake sani.

Daga 1977 zuwa 1980 ta yi aiki da jaridar New York Post. In tana komawa ofis takan bi ta unguwannin talakawa na gabashin Manhattan don ta ƙarasa ragowar fim ɗin da ke cikin kyamara. Abin da ta riƙa ɗauka shi ne wasan yara: suna tsalle a kan tsofaffin katifu, suna harhaɗa keke da katako da tayoyin da aka yar, suna gina bukka a cikin kufai. Wajen 1979 wani yaro mai kiwon tattabaru a kan soro ya nuna mata littafinsa na zane, ya bayyana mata cewa abin da take gani a bango laƙabinsa ne, HE3. Kafin ran nan, a ganinta, rubutun jagwalgwalo ne kawai. Yaron ya kai ta wurin Donald White, wanda ake kira Dondi, gwanin gwanaye a Brooklyn. Ta zauna da su, ta ga yadda suke tsara zane a takarda tun kafin su taɓa jirgi, da yadda suke da manya da almajirai, da ƙa'idar wanda ya isa ya rufe zanen wani.

Cikin 1980 ta bar aikin albashi ta bi jirage. A Bronx layin dogon yana bisa gadoji, saboda haka jirgi kan fito cikin hasken rana. Masu zane kan buga mata waya su faɗa mata layin da sabon aiki yake, ita kuma ta je ta tsaya a wani kango ko kan soro ta yi sa'o'i tana jira. Ta kuma bi Dondi cikin loko da dare, ta ɗauke shi ya raba ƙafa tsakanin taragai biyu yana feshi. A hotunanta ba a raba jirgin da muhallinsa. Ana ganin zanen yana wucewa, ƙarƙashinsa ga gidajen da suka ƙone, ga fasinja na karanta jarida, ga ɗan sanda a bakin ƙofa. Mai kallo yana ganin aikin, yana kuma ganin halin da aka yi shi a ciki.

Haɗuwarta da rawar ma ta hanyar 'yan sanda ce. A watan Janairu na 1980 aka aike ta wani ofishin 'yan sanda a Washington Heights bisa labarin tarzoma a tashar jirgi. Ta tarar da yara 'yan wata ƙungiya, High Times Crew, waɗanda suka dage cewa rawa suke yi, har suka gwada a gabanta. Jaridar ba ta buga hotunan ba, tun da babu tarzoma babu labari. Sai a watan Afrilu na 1981 jaridar Village Voice ta buga maƙalar Sally Banes tare da hotunan Cooper, wadda ake ɗauka ita ce ta farko da aka rubuta a kan wannan rawa. A watan Agusta na shekarar ƙungiyar Rock Steady Crew ta kara da Dynamic Rockers a dandalin Lincoln Center, matattarar kiɗan masu hali, Cooper kuma tana wurin da kyamararta.

BAƘO DA ƊAN GIDA

Ba ita kaɗai ke bin jirage ba. Henry Chalfant, mai sassaƙa, yakan tsaya a dandamalin tasha ya ɗauki tarago guda kashi-kashi, sa'an nan ya jera hotunan su zama dogon hoto ɗaya. Shi zanen kaɗai yake nunawa, kamar yadda za a rataye shi a gidan nuna zane. Ya adana ɗaruruwan taragai ta wannan hanya, ya kuma haɗa kai da Tony Silver suka shirya fim ɗin Style Wars cikin 1983. Shi da Cooper suka tara hotunansu don yin littafi, kamfanonin ɗab'i na Amurka suka ƙi karɓa. Sai da suka kai shi kasuwar baje kolin littattafai ta Frankfurt a Jamus kafin kamfanin Thames and Hudson na Landan ya amince, ya buga shi cikin 1984 da sunan Subway Art. Littafin ya zama allon karatun yara a Landan da Amsterdam da Sao Paulo da sauran birane, suna kwaikwayon haruffansa ɗaya bayan ɗaya, har ya yi suna cikin littattafan da aka fi sacewa a kantunan Ingila.

Cooper da Chalfant duk fararen fata ne masu ilimin jami'a, manya ne a cikin yara. Wannan ya ba su abin da yaran ba su da shi, watau kuɗin fim mai launi, da sanin ƙofar editoci. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Joe Conzo, haifaffen Bronx cikin 1963, yana ɗan makarantar sakandare ya fara bin abokansa, mawaƙan Cold Crush Brothers, yana ɗaukarsu a zaurukan makarantu da ƙananan gidajen rawa, daga kan dandamali, inda baƙo ba ya isa. Kakarsa, Evelina Antonetty, ita ta kafa ƙungiyar iyaye ta United Bronx Parents cikin 1965, wadda ta yi fafutukar gyara makarantu ta kuma riƙa ciyar da yara kyauta lokacin hutu. Saboda haka a hotunansa kiɗa da zanga-zanga da taimakon kai da kai duk a tsakar gida ɗaya suke. Shekara da shekaru ba wanda ya nemi waɗannan hotuna, mahaifiyarsa ce ta adana negetif ɗin. Sai cikin 2007 suka fito a littafin Born in the Bronx, Jami'ar Cornell kuma ta karɓi fiye da 10,000 daga cikinsu ta adana. Hoton baƙo ya zagaya duniya cikin shekara huɗu, na ɗan gida sai da ya jira fiye da shekara ashirin.

HUKUMA DA MASU ZANE

Yayin da littafi ke yaɗa zanen a ƙetare, hukuma na kashe shi a gida. Cikin 1981 magajin gari Edward Koch ya sa aka kewaye lokon Corona da shinge biyu na waya mai kaifi, aka saki karnuka a tsakani. Daga 1984 shugaban hukumar jiragen, David Gunn, ya kafa ƙa'ida cewa taragon da aka riga aka tsabtace ba zai fita aiki da zane a jikinsa ba. Wannan ita ta karya gasar, domin wahalar dare ba ta da amfani in jirgin ba zai fita a gani ba. Ran 12 ga watan Mayu na 1989 aka janye jirgi na ƙarshe mai zane. Daga ran nan duk abin da aka sani game da wannan fasaha ta jikin jirgi, ta idon masu hoto aka san shi.

Hukuncin kuwa bai zama ɗaya ga kowa ba. Keith Haring, farar fata ɗan jihar Pennsylvania wanda ya zo karatun zane cikin 1978, ya lura da baƙaƙen takardun da ake liƙawa a allunan tallar da ba a saya ba a tashoshin ƙarƙashin ƙasa. Daga 1980 zuwa 1985 ya yi dubban zane-zane da alli a kansu. An kama shi ba sau ɗaya ba, amma ana sakinsa. Abokinsa Tseng Kwong Chi, haifaffen Hong Kong, yakan bi sawunsa tasha-tasha yana ɗauka kafin a rufe su da talla, suka fitar da littafin Art in Transit cikin 1984. Michael Stewart kuwa, baƙar fata mai shekara 25, an kama shi ran 15 ga watan Satumba na 1983 bisa zargin rubutu a bangon tasha. An kai shi asibiti a sume da raunuka, ya mutu bayan kwana 13. Cikin 1985 kotu ta sallami 'yan sanda shida da aka tuhuma. Jean-Michel Basquiat, wanda shi ma da rubutun bango ya fara, ya yi zane don tunawa da shi, Haring ma haka.

HOTON YUNWA

New York ta riga ta san bikin kiɗa na tara gudummawa. Ran 1 ga watan Agusta na 1971, kwana 11 kacal bayan labarin TAKI, George Harrison da Ravi Shankar suka yi wasa a Madison Square Garden don 'yan gudun hijirar Bangladesh. Amma abin da ya jawo masu zanen titi da mawaƙan gambara cikin gidauniya ta duniya daga Afirka ya taso, saboda haka tilas bayanin ya bar New York na ɗan lokaci. Shi ma hoto ne sanadinsa.

Cikin 1984 fari ya mamaye ƙasashe da yawa, daga Nijar da Cadi har Sudan da Habasha. A Habasha abin ya fi muni domin ya haɗu da yaƙin basasa, gwamnatin soja ta Mengistu Haile Mariam kuwa ta shagala da bikin cika shekara goma na juyin mulki a watan Satumba. Mohamed Amin, ɗan Kenya, haifaffen Nairobi cikin 1943, watau sa'an Martha Cooper, shi ya samo izinin shiga arewacin ƙasar, ya ɗauki sansanin Korem da asuba, dubban mutane a zube a fili. BBC ta nuna hotunan ran 23 ga watan Oktoba tare da muryar wakilinta Michael Buerk, tashoshin talabijin fiye da 400 suka maimaita. A watan Nuwamba Bob Geldof da Midge Ure suka tara mawaƙan Ingila ƙarƙashin sunan Band Aid, a watan Janairu na 1985 kuma Harry Belafonte da Quincy Jones suka tara na Amurka. Sa'an nan ran 13 ga watan Yuli na 1985, shekara takwas cif bayan daren duhun New York, aka yi bikin Live Aid a filin Wembley na Landan da filin Kennedy na Filadelfiya. An ƙiyasta masu kallo sun haura miliyan 1,000, kuɗin da aka tara kuma ya wuce dala miliyan 100.

A Filadelfiya ran nan hanyoyin nan biyu suka haɗu. Run-DMC, samari daga Queens, su kaɗai ne mawaƙan gambara da aka ba dandamali, Haring kuma ya yi zane don bikin. Abin da 'yan sanda ke kame a kai shekara biyar da suka wuce ya zama abin da ake jawo kuɗin sadaka da shi. Amma waɗanda ake yi dominsu fa? Babu makaɗi ko ɗaya daga Habasha a kan waɗannan dandamali biyu. A Wembley an nuna hotunan da gidan talabijin na Kanada ya ɗauka, cikinsu har da wata yarinya 'yar wajen shekara uku da aka ɗauka mutuwa za ta yi. Masu kallo sun yi kuka, sun ba da kuɗi, ba su san sunanta ba. Sunanta Birhan Woldu, ta rayu, ta yi karatun aikin gona, cikin 2005 kuma ta hau dandamalin bikin Live 8 a Landan.

Babu mai musun cewa hotunan Amin sun ceci rayuka masu ɗimbin yawa, shi kansa kuma bai yi aikin daga nesa ba: ya rasa hannunsa na hagu cikin 1991 a fashewar rumbun makamai a Adis Ababa, ya mutu cikin 1996 a jirgin saman Habasha da aka sace ya faɗa teku kusa da tsibiran Komoros. Matsalar tana ga abin da hoto ba ya iya ɗauka. Kyamara na ganin jikin da ya rame, ba ta ganin dokar da ta hana hatsi wucewa, ko shirin kwashe mutane da ƙarfi daga arewa zuwa kudu. Ƙungiyar likitocin Faransa ta Médecins Sans Frontières da ta yi magana a kan wannan shiri, korarta aka yi daga ƙasar a watan Disamba na 1985. Mai kallo a Turai ya tashi da fahimtar cewa rashin ruwan sama ne kaɗai, kuma Afirka wuri ne na miƙa hannu.

GIDAUNIYAR 'YAN UNGUWA

Da mawaƙan titi suka fara shirya tasu gidauniyar, sai salon ya sake. Cikin 1985 Steven Van Zandt da Arthur Baker suka tara mawaƙa, har da Run-DMC da Afrika Bambaataa da Kurtis Blow da Miles Davis, suka fitar da faifan Sun City. Sunan wani wurin shaƙatawa ne a yankin Bophuthatswana inda ake biyan mawaƙan ƙetare kuɗi mai tsoka su yi wasa, mawaƙan kuwa alkawari suka yi ba za su je ba. Faifan ya ambaci mai laifi, watau mulkin wariyar launin fata na Afirka ta Kudu, shi ya sa gidajen rediyo da yawa a Amurka suka ƙi sa shi. Duk da haka ya tara fiye da dala miliyan ɗaya don masu yaƙi da wariyar. Haring ma ya buga takardun bango wajen 20,000 a kan wannan magana aka raba kyauta a Central Park.

Sa'an nan suka juyo gida. Cikin 1986 Haring ya yi zanen gargaɗi kan hodar iblis a bangon wani filin wasa a Harlem ba da izini ba, aka ci shi tarar dala 100, daga baya kuma hukumar filayen birnin da kanta ta gayyace shi ya sake zanawa. Cikin 1987 ya zana bangon wani faifai da aka sayar don wasannin naƙasassu na Special Olympics. Bayan an kashe mai juya faifai Scott La Rock a Bronx cikin 1987, aka kuma kashe wani saurayi a wurin wasa a Nassau Coliseum cikin 1988, KRS-One da marubuci Nelson George suka tara mawaƙa suka fitar da Self Destruction cikin 1989. Kuɗinsa, fiye da dala 100,000, an miƙa su ga ƙungiyar National Urban League. In aka gwada da Live Aid kuɗin kaɗan ne ƙwarai, amma masu bayarwa da masu karɓa 'yan unguwa ɗaya ne. A wannan shekara Haring ya kafa asusunsa don yara da masu cutar ƙanjamau. Cutar ta kashe shi ran 16 ga watan Fabrairu na 1990 yana da shekara 31, Tseng kuma ya bi shi ran 10 ga watan Maris.

Cooper ba ta bar titi ba. Da jirage suka rufu, masu zane suka koma yin bangayen tunawa da mamata, inda dangi da abokai kan nemi mai zane ya fitar da fuskar mamacin da sunansa da ranar rasuwarsa a kusurwar titin da ya saba zama. Ita da Joseph Sciorra suka tara waɗannan a littafi cikin 1994.

KAMMALAWA

Darajar wannan fasaha a kasuwa ta kai inda yaran loko ba su taɓa zato ba. Cikin 2017 an yi gwanjon wani zanen Basquiat a kan dala miliyan 110.5. Cikin 2021 an sayar da zanen da Banksy, ɗan Ingila, ya ba asibitin Southampton a kan fiye da fam miliyan 16, aka ba ƙungiyoyin kiwon lafiya kuɗin. Galibin waɗanda suka ƙago salon kuwa ba su ga komai daga wannan arziki ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Abin da suka samu shi ne sunayensu sun tsira, domin Cooper da Chalfant sun rubuta laƙabin mai kowane zane a ƙarƙashin hotonsa, har ɗalibi a yau zai iya bambanta hannun Dondi da na Lee Quiñones da na Lady Pink.

Daga abin da ya gabata za a ga cewa talaucin Bronx da yunwar Korem duk gaskiya ne, waɗanda suka ɗauki hotunansu kuma duk da kyakkyawar niyya suka yi. Bambancin yana ga zaman da aka yi da mutanen. Cooper ta shekara tana tambaya kafin ta san abin da take kallo, Conzo a cikinsu ya tashi. Mai ɗaukar hoton gaggawa kuwa 'yan kwanaki yake da su, kuma da zarar hoton ya bar hannunsa wasu ne ke sa masa kiɗa da fassara. Hoton gaggawa ya fi saurin buɗe aljihu, hoton zama ya fi daɗewa yana koyarwa. Saboda haka ya wajaba ga ɗalibin tarihi, in an miƙa masa hoto a matsayin shaida, ko an miƙa masa shi tare da ƙoƙon neman gudummawa, ya fara binciken wanda ya ɗauka da tsawon zamansa a wurin, sa'an nan ya nemi sunan wanda ke cikin hoton, da abin da shi kansa zai ce da an tambaye shi.